Tsallaken Ɗan Ragon Falmata

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Sanusi. Ina gaishe ka gaisuwar uba. Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki, da abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Amin.

Mushe Isufu, malamin makarantar lakwal, shi ke rubuta mini wannan, tunda ni ban shiga lakwal ba, kuma ban yi da-na-sani ba. Na gaya masa abin da ya fito daga bakina shi zai sa, kada ya gyara mini magana. Da baki na so in gaya maka, amma duk sanda na fara sai ka ce, "Baba, ai ya wuce," ka tashi ka bar ni da bakina a buɗe. To ga shi a takarda, in ka sauka ka zauna ka karanta.

Ka ce mutanen garin surukinka, can gaba da Takieta, za su haɗa maka 'yan ragunansu da aka yaye, ka yi musu kiwon damina. Na ji, ban hana ka ba. Amma ran da ka dawo daga ganin wurin, ka kaɗe takalminka a bakin zaure ka shige. Na duƙa na ɗebi yashin na murza. Fari ne sol, da laushi kamar gari, ba ya kama hannu. Irin yashin jigawata ne sak. Ka san abin da ake kirana da shi a garin nan, ka sha dambe a kansa tun kana ƙarami. Ka kuma san mutane sun ce maita gado ce. In 'yan ragunan mutane suka fara ramewa a hannunka a garin da ba naka ba, ba za a tambayi ƙasa ba, za a tambayi wane ne ubanka. Don haka ka ji yadda abin ya faro, kana goye a bayan uwarka Dije, Allah ya jiƙanta.

Da kakanka ya rasu, baffanka Ɗan Ladi ya ɗauke fadamar gindin duwatsu, ya bar mini jigawa, wai ita ta fi faɗi. Faɗi! Shi kakanka yana da wata al'ada. In damina ta yi tsakiya sai ya kora garke zuwa gindin duwatsun nan su yi 'yan kwanaki, ƙanana su yi ta lasar jar ƙasa kamar an zuba musu gishiri. In ka tambaye shi sai ya ce, "Gaisuwa muka kai su." Bai taɓa cewa wa ake gaisarwa ba. Ni na ɗauka abin tsofaffi ne. Da aka yi rabon nan na rantse ƙafata ko ta dabbata ba za ta ƙara taka ƙasar Ɗan Ladi ba. Wannan shi ne kuskurena na fari, in ma kuskure ne, don har gobe ina cewa cutata ya yi.

Kai dai kada ka tsare ƙananan dabbobi a ƙasa guda damina ɗungurum. Ka nemi tsohon da ya fi kowa tsufa a garin, ka tambaye shi ina iyayensu ke kai garke. Inda ƙasa take ja ko baƙa, mai danƙo, ko gindin dutse, ka riƙa ratsa su can. Ko ta wanda ba kwa ga-maciji ce, ka je ka yi sallama. Ni ban yi ba.

Shekarar da nake ba ka labari an yi ruwa sosai. Ni ke kiwon 'yan ragunan gari, don in an yi shuka kowa hannuna yake kawo nasa. Jigawata ta yi ciyawa har gwiwa, ƙarangiya kore shar, ba ka taɓa ganin irinta ba. Na ce to, Ɗan Ladi ya jiƙa fadamarsa ya sha.

Abin bai zo da hayaniya ba, Sanusi. Da ya zo da zawo ko tari, da na gane. Shiru ya zo da shi. Da fari na lura sun daina tsalle-tsalle. Ka san ɗan rago da safe sai ya yi ta zabura ba dalili. To, suka daina. Sai girma ya tsaya, kai ya yi wa jiki yawa, gashi ya dushe ya tashi. Sai hawaye. Ruwa yana bin kumatunsu ya bushe, ya yi ɓawo, wani ya biyo. Ba sa kuka, hawayen kawai. In rana ta take, ka zo ka same su a tsaye cikin ciyawa, ciyawar tana taɓa musu baki, ba mai tsinkar ko ɗaya. Wallahi sau da yawa nakan tarar duk sun juya fuska waje guda, wajen duwatsu, ba motsi, ko ƙuda ba sa kora. In na zauna sai su matso a hankali su kewaye ni, wannan ya kama bakin rigata yana tauna, wancan yana gaigayar sandata, wani yana lasar yashi. Ga abinci har gwiwa, su kuwa tsumma suke so.

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki, jakina a wurin yake kiwo, ya yi ƙiba har bayansa ya rabu biyu. Awaki lafiya lau. Manyan tumaki ma da sauƙi. Ƙananan nan da aka yaye, su kaɗai ake zaɓa, kamar mai yi ya san su ɗaya-ɗaya.

Na ce tsutsar ciki ce. Na je kasuwar Mirya na sayo ƙwayoyi a faifan wani mai surutu, na ɗura musu, na ƙara, na sake ƙarawa. Na jiƙa kanwa har ruwan ya yi kauri. Wasu na sa musu ƙarfe mai zafi a kwiɓi. Duk a banza, na ƙara musu wahala ne kawai. Kuma ban gaya wa masu su ba. In an tambaye ni sai in ce sauyin ciyawa ne.

Ka ji yadda za ka yi. Duk ran kasuwa ka ɗaga kowane ɗan rago da hannu biyu, hannu yana riga ido sanin rama. Ka shafa gadon baya, in ƙashi yana sukar tafinka, to akwai magana. Ka ja fatar ido ƙasa, ka ɗaga leɓe ka duba dasashi. Na mai lafiya ja ne. In ka ga fari kamar auduga, jini ya ragu. Tsutsa ma tana yin haka, kuma sau da yawa tare suke tafiya, don haka ka ba da maganin tsutsa na gaskiya, daga hannun likitan dabbobi, yadda ya ce. In ka ba, ga ciyawa, amma ƙanana suna ta baya ga hawaye ga ƙin ci, to ka bar zargin tsutsa. Kanwa ba ta maganinsa, gishiri ba ya yi. Kuma tun ran da ka ga na fari, ka kira mai shi ya gani da idonsa. Kada ka jira ya ji a bakin rijiya.

Da suka fara faɗuwa, aka yanka ɗaya kafin ya mutu. Mutane sun taru a inuwar gawo. Mahauci ya farke ciki, jini kaɗan, tsararo kamar an surka. Ya ciro hanta ya ɗaga. Hanta ka san ta, ja ce mai duhu. Wannan fara ce fat, ta kumbura, yana taɓawa tana marmashewa a yatsunsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Wannan ai an riga mu. Tun yana tsaye aka cinye shi."

Ba wanda ya dube ni. Da haka na gane ni ake zargi.

Akwai wata tsohuwa, Falmata, mijinta ya rasu, ɗan rago guda gare ta a hannuna. Ita ta kai ƙara ƙofar mai gari. Aka aiko kirana da hantsi. Uwarka ta riƙe mini riga a zaure, ta ce, "Malam, don Allah kada ka je. In ka je kuma, duk abin da suka ce ka yi, kada ka yi." Na fizge rigata.

Na tarar an kwantar da ɗan ragon a tsakiyar fili, idonsa a buɗe, hawaye na bin ƙasa. Falmata ta ce, "Kiyari, ni ban ce komai ba. Ka tsallaka mini shi kawai, in tafi da abina."

Ka san al'adar. Wanda ake zargi ya kama kurwa, shi ake sa wa ya tsallake majinyaci, wai in ya tsallaka ya saki.

Na ce, "Iya, ni kike gaya wa haka? Ni da na haƙa kabarin mijinki?"

Ta ce, "Shi ya sa na ce ban ce komai ba."

Mai gari yana ta kallon ƙasa. Sai baffanka, uwa ɗaya uba ɗaya da ni, ya ce daga inda yake zaune, "In ba ka da komai a ciki, mene ne na gardama? Tsallaka mana, ƙafa ce ba ka da ita?"

Zuciya ta ɗebe ni. Na tattare riga na tsallaka, na juyo na sake tsallakawa, na ce, "Ga shi nan, in ya tashi ku kira ni da abin da kuka ga dama." Da bakina na faɗa.

Falmata ta saɓi abinta ta kai gida. Gidanta na gindin duwatsu. Ta ɗaure shi a turke, tana yanko masa ciyawa a bakin fadamar Ɗan Ladi, tana ba shi harawar gyaɗa da dusa. Sanusi, ɗan ragon nan ya tashi. Hawaye ya tsaya, ya fara ci. Kafin a yanke gero yana tunkuyin mutane a hanya. Duk wanda ya kwashe nasa daga jigawata ya kai gida, sai ya ga sauƙi. Ni kaina na kwana biyu ina duban ƙafafuna, ina cewa ko akwai abin da ke jikina ban sani ba.

Daga nan aka daina sayen furar uwarka. Ta dama, ta ɗauka, ta zagaya gari, ta dawo da ita yadda take. In na bi ta lungu mata su janye 'ya'yansu ciki. A masallaci ana barin gurbin mutum guda dama da ni, guda hagu. Ba wanda ya zage ni ko sau ɗaya, gaisuwa ma har ƙasa. Da zagin suka yi da na sami na ramawa.

Don haka ko za a yanka ka, kada ka tsallaka. Kada ka ba da ruwan da ka kuskure baki, kada ka tofa, kada ka rantse a kan dabba. In ta mutu an ce ka ƙi saki, in ta tashi an ce ka saki. Dabbar da aka ɗauke daga ƙasar nan aka sauya mata ci, dama za ta tashi, ko ka tsallaka ko ba ka tsallaka ba. Ni a lokacin wa zai gaya mini?

Damina ta zagayo, ba wanda ya ba ni kiwo, sai 'yan nawa. Na mayar da su jigawa, tunda rantsuwata na nan. Abin ya dawo, hawayen nan, tsayuwar nan. Ana haka masu rigakafin dabbobi suka zo daga Damagaram. A cikinsu akwai wata likita, Madam Saratu, Kirista ce, doguwa, ba ta da yawan dariya. Kowa ya jera nasa, nawa suna can gefe su kaɗai, don ba mai yarda su gogi nasa. Ta tsallake layi ta nufo ni.

Ta ce, "Baba, ina kake kiwon waɗannan?"

Na ce, "Inda Allah ya ba ni."

Ta ce, "Farin yashi ne?"

Na kau da kai.

Ta ja idon ɗaya, ta shafa bayansa. Ta ce, "Jakinka fa, ya yi ƙiba ko?"

Nan na ja da baya. Na ce a raina, wannan wa ya gaya mata? Har na so in ce ita ce mayyar.

Ta ɗebi jininsu da kashinsu ta tafi, bayan 'yan kwanaki ta dawo a kan moto, wato babur. Ga abin da ta ce, yadda na riƙe. Akwai wani sinadari a ƙasa, kobal sunansa, ɗan mitsitsi, ido ba ya gani. Ciyawa na tsotsarsa, tunkiya ta ci, a cikin tumbinta a mayar da shi wani bitamin da ke sa jini da son abinci. Farin yashi ba ya riƙe shi, in ruwa ya yi yawa sai ya wanke, ciyawa ta yi kyau a ido, ciki ba komai. Ƙanana ke fara faɗuwa don su ke girma, su suka fi bukata. Jaki cikinsa daban ne, bai damu ba. Akuya kuwa ganyen itace take kamawa. Ta ce farar hantar nan ma shi ne. Ta ce gaisuwar kakanka ba wa kowa yake kai ta ba, jar ƙasar ce ke da abin.

Ta ce za ta yi musu allura. To ga inda na sake yin wauta. Na ce ta shigo da moto cikin gida, na sa aka rufe ƙofa, don kada a ga mace tana koya mini kiwo. Ta yi musu allurar a bayan danga. Kafin kasuwa ta zagayo sun fara ci kamar za su haɗiye komin dusar, hawaye ya ƙafe. Ta dawo dubawa, ta ce, "Baba, na ji abin da ake faɗa a kanka. Ka bar ni in tsaya ƙofar mai gari in yi wa mutane bayani, in nuna musu kwalbar."

Na ce, "Ni ba mace ce za ta wanke ni ba. Wanda ya ɓata ni shi zai zo ya gyara."

Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya kawo shi." Ta hau motonta. Daga baya aka yi mata canjin wurin aiki, ban sake ganinta ba.

Ka san abin da gari ya ce da aka ga ragunana sun murmure? Baffanka ne ya fara faɗa a majalisa: "Ya ga hukuma ta shiga gidansa, tsoro ya kama shi, ya sake su." Shi ke nan, aka ƙara kulle ni. Wanda ya ɓata ni kuwa har yau ina jiransa.

Saboda haka komai za ka yi, yi shi da rana a tsakar fili, masu dabbobi suna tsaye. Kafin ka karɓi ko ɗan rago guda ka je wurin likitan dabbobi a Takieta, ka gaya masa irin ƙasar. Allurar sunanta be-duz, Mushe ya ce ga yadda ake rubuta ta: B12. Ita ce mai tayar da wanda ya riga ya kwanta, amma ƙarfinta na ƙarewa, sai an maimaita yadda likita ya ce. Don kada abin ya zo ma, akwai dutsen lasa da ake sayarwa. Ba kowanne ke da kobal ba, wani gishiri ne zalla aka yi wa launi, ka sa a karanta maka jikin kwalin. Ka rataye shi inda ruwan sama ba ya duka, ka tsaya ka ga wa ke lasa, don akwai ɗan ragon da manya ke ture shi, akwai wanda ba ya so, waɗannan sai an ɗura musu na ruwa a kai a kai. Akwai kuma wata ƙwaya mai nauyi da ake tura musu ta zauna a tumbi ta daɗe, amma sai wanda ya fara tuƙa, kuma ba kai za ka tura ba. Shi kobal ta baki yake aiki. Kada ka ce tunda kaɗan ya yi amfani bari ka ninka, yawansa guba ne. Tumaki masu ciki ma ka ba su, ɗa yana samu ta nono. In ɗaya ya mutu kada ka binne a ɓoye. A farke shi gaban mai shi, kai ka fara cewa a duba hanta, ka faɗi abin da za a gani tun ba a ciro ba.

Na gaya maka maganar Madam, kuma na ga aikinta da idona. Amma ban ce na yarda da ita duka ba. Na tambaye ta, ruwan da ya wanke jigawata ai ya sauka a gonar kowa, me ya sa tawa? Ta ce laka na riƙewa, yashi ba ya riƙewa. To, na ji. Jigawar tana nan, ba mai kai dabba, ciyawarta ta fi ta ko'ina kyau, ta tsiro ta bushe ba bakin da ya taɓa ta. Wani lokaci da azahar nakan je in tsaya a tsakiyarta. Ba kukan tsuntsu, ba na gyare. Sai in ankara ni ma na juya ina kallon duwatsu, ban san sanda na juya ba. Kai dai ka yi allurarka, ka kuma yi addu'arka.

Saura magana guda. An gaya mini baffanka ya kira ka gefe ya ce in ka je can ka ce kai ɗansa ne, wai don a rufa maka asiri. Ka ga mai tausayi! Ban yarda ba. Labari zai riga ka sauka, masu amalanke ma sun isa su kai shi. In ka ɓoye aka tono, ka tabbatar musu. Ran da ka isa, a gaban surukinka da dattawan gari, ka ce kai ne Sanusi ɗan Kiyari na wajen Gaffati, wanda aka ce maye ne. Ka ba su labarin ɗan ragon Falmata da bakinka, sannan ka ajiye dutsen lasa a gabansu. Wanda ya ji ya fasa ba ka nasa, ya fasa. Wanda ya bayar, ya bayar da saninsa.

Allah ya tsare ka, ya tsare matarka, ya tsare abin da aka damƙa maka. Allah ya sa ƙasar ta karɓe ka, ya raba ka da zargi, ya sa a yi sahu da kai kafaɗa da kafaɗa. Ya dawo mini da kai ina da rai. Amin summa amin.

In kaka ta yi, ragunan mutane suka koma hannunsu da ƙiba, ka aiko. Amma kada ɗan aiken ya zo ya raɗa mini a ɗaki. Ya tsaya ƙofar masallaci ran Juma'a, bayan an sallame, ya faɗa da ƙarfi, baffanka yana zaune.

Ni ne ubanka,
Kiyari.